Iya Yalwa da Rariyar Tokarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban na shekarar 1399, wadda 'yan boko suka lissafa huɗu ga Yuli, 1979, ana idar da sallar azahar, Allah ya karɓi ran kakata Iya Yalwa mai tukwane, a ɗakinta da ke unguwar Magajiya a nan Suleja. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ta yi tana cewa jikinta ya yi nauyi. A na biyar ta sha kununta, ta yi wa jikoki faɗa don sun bar mata ƙofa a buɗe kaji suna shiga, ta juya ta fuskanci gabas, shi ke nan. Kafin rana ta yi ja mun kai ta makwancinta. Shekarunta babu wanda ya sani. Ita dai takan ce ta girmi hanyar mota.

Na ce Suleja, ki yafe ni, Iya. Na san har kika bar duniya ba ki karɓi sunan nan ba. Kin ce a Abuja aka haife ki, a Abuja aka kai ki ɗaki, waɗanda suka ari sunan garinmu don sabon birninsu su dawo da shi in sun gama.

Ni ne Almu, ɗan ɗanki Isiyaku wanda ya rasu ban yi wayo ba. Ni ne kike kira miji, ina kiran ki amarya, kina cewa tun da kike ba ki taɓa ganin mijin da bai iya cefane ba sai ni. Malamai sun yi miki addu'a, dattawa sun faɗi halinki a zaure. Ni ba ni da iliminsu, ba ni da nauyin bakinsu. Abin da na gani da idona shi zan rubuta, in kuma dariya ta kufce mini a tsakiya, jama'a su yi haƙuri, a wurinki na gada.

Duk wanda ya sha ruwan sanyi a unguwar nan, da wuya in ba a randarki ya sha ba. Shekara da shekaru kina saro tukwane da tuluna da randuna a wurin matan Garam masu gini, kina sayarwa a ƙofar gida. Ba ki taɓa sayar wa mutum tukunya mai tsaga ba. Sai ki ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ki kara kunne, in sautin bai yi miki ba ki ce wannan ta kaji ce, ki ajiye ta gefe. Akwai wata babbar randa da kika kafa a bakin hanya da moɗa a kai, wadda ba ta taɓa kwana babu ruwa ba. Da baƙi suka fara kwararowa neman aikin sabon birni, ba su san kowa ba, ba su da wurin zama, randar nan ce gidansu na farko. Wani ya sha ya ce nawa, ki ce masa, “Ɗana, in ka ga inda ake sayar da ruwan sama ka zo ka gaya mini in je in sara.”

Amma alherin da ya fi tsaya mini shi ne na ranar da kika kama ɓarawon ruwan mota.

Sai na fara faɗin gaskiya a kaina, tun da ba kya nan balle ki tona. Ni mutum ne mai tsokana. Ni na ɗinke bakin aljihun Baffa Mu'azu da goronsa a ciki, ya yini yana lalube. Ni na sa masa kwaɗo a takalmi. Baffa Mu'azu shi ne yayan mahaifina, shi ya riƙe ni, kuma shi ke da tsohuwar a-kori-kurar da ake ɗauko doya da tukwanenki daga Garam. A ƙarƙashin lagireton motar, wato tankin da ruwan sanyaya inji ke zama a gaba, akwai wani ɗan famfo da ake tsiyaye ruwa ta nan. Wata rana an dawo daga tafiya na tara kofi, na tsiyayo ruwan nan ja wur da tsatsa, da zafinsa, na kai miki da ladabi na ce shayi ne aka aiko miki daga Makka. Kika sunsuna, kika bi ni da kofin har zaure. Kika kuma ba duk unguwa labari kina dariya. Tun daga ranar kowa ya san Almu ya san hanyar famfon nan.

A bazarar bara waccan, Baffa ya fara koya mini tuƙi. Bayansa ya soma damunsa, ya ce in hannuna ya faɗa kafin damina, zai bar mini motar in riƙa zuwa Garam ni kaɗai. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar sitiyarin nan ba. Har a barci ina canza giya.

Sai wata Talata muna dawowa da kaya, allurar da ke nuna zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Baffa ya yi tsalle ya fita, hularsa ta faɗa cikin kwalbati, ya bi ta da gudu yana salati. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, na fashe da dariya har da riƙe ciki. Da inji ya huce muka duba, babu ruwa. Muka ɗebo a rafi muka cika. Laraba haka. Alhamis haka. Kullum da safe Baffa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe ƙayau, ko ɗigo babu. Linus, bakaniken da ke duba mana ita, ya tafi garinsu bikin Ista. Baffa ya zauna ya yi lissafinsa shi kaɗai: motar da ke yoyo tana barin shaida a ƙasa, wadda ba ta bar shaida ba, hannu ne ke shan ruwanta. Hannun wa? Wanda ya yi dariya a bakin kwalbati.

Ranar Juma'a da hantsi, ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya kira ni tsakar gida. Ya karɓi makullin da nake ratayawa a wuya kamar laya. Ya ce gobe Asabar in tattara tsummokarana in tafi gona wurin kawuna a Garam, sitiyari kuwa ni da shi har abada. Na rantse, na maimaita, babu wanda ya ko ɗaga kai. Mutumin da ya shekara yana cewa wasa nake, ranar da ya ce da gaske nake wa zai saurare shi? Na ce a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Har an tafi ɗaukowa, sai ga ki kin fito kina gyara ɗaurin zane.

“Mai mota,” kika ce, don ɗan fari ne, ba kya kama sunansa, “me mijina ya yi?”

“Iya, ruwan mota yake tsiyayewa. So yake ya ƙona mini inji don a yi dariya.”

“Ka gan shi?”

“Sai na gan shi? Ba shi ya kai miki shayin Makka ba?”

“Shi ne. Ja'iri ne, ban musa ba. Amma wannan in ya yi tsiyarsa ba ya iya riƙe ta a ciki. Kafin rana ta faɗi ya zo ya ba ni labari yana birgima a tabarmata. Yau kwana huɗu bai zo ba. Ku mayar da Littafin Allah mazauninsa. Ba a ɗauko shi a kan abin da toka za ta iya faɗa.”

Baffa ya ce, “Iya, mota fa ba tukunya ba ce.”

Kika ce, “Ana zuba mata ruwa?” Ya ce ana zubawa. “Tana hawa wuta?” Ya ce inji dai yana zafi. “To tukunya ce, ƙafa kawai aka yi mata. Tukunyar da ta fashe kowa ya gani. Mai tsaga siririya kamar gashi ita ce munafuka. Ka cika ta da ruwa ta kwana da shi lafiya lau. Sai ta hau murhu take buɗe baki, wuta kuma ta lashe shaidar. Kai da safe kake zuwa kana tambayar ta, lokacin tana sanyi tana salla-salla. Ka tambaye ta da zafinta.”

Kafin a ce haka maƙwabta sun cika ƙofar gida, don labari ya fita cewa Iya Yalwa za ta duba mota. Kowa da maganinsa. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a zuba a lagireto, zai dahu ya toshe ramin. Wani ya ce garin barkono ya fi. Malam Rabi'u mai kanti ya rantse da taba gari direbobin Legas ke yi. Kika saurare su tsaf, sannan kika ce, “A ƙaro daddawa da kuka mana, sai in tuƙa tuwo mu ci da ita. Ku da ba ku san inda ciwo yake ba, me kuke shafa wa magani?”

Baffa ya ce shi tsoronsa kada ya zama ta ciki inji ke shanye ruwan. Na tuna Linus ya taɓa nuna mini cewa in ruwa ya shiga ciki, baƙin mai yakan koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na zaro sandar gwada mai na nuna muku: baƙi ne sul. Kika ce, “To cikinta lafiya, a fata ne. Cika ta da ruwa, ku kunna ta ta yi zafi.”

Aka cika, aka rufe, aka tayar. Kika shiga madafa kika ɗebo toka mai laushi daga murhunki, busasshiya, kika zuba a rariyar tankaɗe. Haka kike yi wa randar da kike zargi: ki barbaɗa mata toka, inda ya jiƙe ya yi baƙi nan ne tsagar. Aka ɗaga bonet. Baffa ya sunkuya ta wancan gefe ya zura kai, yana so ya ga ƙarshen wannan almara. Kika ɗaga rariya kika kaɗa.

Iya, babu wanda ya gaya miki akwai fanka a wurin, tana juyawa.

Tokar nan gaba ɗaya ta tashi ta sauka a kan Baffa. Gemu, gira, hula, farar rigar Juma'a. Ya ɗago kamar wanda aka tono daga rumbu, idanu kaɗai ke motsi. Kowa ya juyo yana kallo na. Ni kuwa na cije leɓe har na ji gishirin jini, don na san in haƙorina ya fito, Garam ta same ni. Sai kika dafa mota, kafaɗunki suka fara rawa, kika ce, “Yi dariyarka, miji. Wannan tawa ce, ba taka ba.” Unguwa ta ɗauka. Har Baffa sai da ya tofar da toka ya yi murmushi, ko da yake ya ce tari ne.

Aka kashe inji. Baffa ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto ya ga ko ruwa ya ragu, kika make masa hannu da gefen rariya, mutum mai jikoki. “Ka taɓa ganin an buɗe tukunya tana tsakiyar tafasa da fuska a kai? Bar ta a rufe. Yanzu ne cikinta ya cika da fushi, yanzu za ta faɗi gaskiya.”

Kika sake ɗebo toka. Wannan karon a hankali, kina bi gaɓa-gaɓa. Fuskar lagireto: fari. Tiyon ƙasa: fari. Wurin famfon nan nawa, inda kowa ya zuba ido: fari fat. Tiyon sama, babban baƙin robar da ke kai ruwa daga inji zuwa lagireto: shi ma fari. Na ji Malam Rabi'u yana cewa ai dama an faɗa. Na fara tunanin fartanya.

Ba ki ko kalle su ba. Kika ce, “Tsaga ba ta zama inda ido yake. Tukunya a gindi take cutar mutum. Miji, naɗe hannunka da tsumma, ka shafa tokar nan a ƙarƙashin robar, can inda ta kama bakin inji.”

Na shafa, zafi yana cin yatsuna. Na karkata kai na leƙa. Da farko babu komai. Sai wani ɗan ɗigo ya fito a cikin farin, baƙi, kamar tawada ta ɗiga a sabon allo. Ya yi faɗi. Ya ja layi. Sannan na ga wani zaren ruwa, bai kai kaurin gashin wutsiyar doki ba, yana fita yana sauka a kan ƙarfen inji mai zafi, yana cewa tsss, yana ɓacewa. Shi ya sa ƙasa ba ta taɓa samun rabonta ba.

Na ɗago na dube ki. Kika ce, “Mai mota, zo ka gaisa da ɓarawonka.” Baffa ya durƙusa da rigarsa mai toka, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya miƙe ya ce, “Ikon Allah.” Kika ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Ku je masallaci, kafin ku sauko ta huce.”

Da muka dawo daga Juma'a inji ya yi sanyi. Kika sa aka kawo miki kujera 'yar tsugune, kika zauna a inuwar mota kamar mai garejin. Kika ce, “Buɗe famfon naka, ai kai ne gwaninsa.” Na tara kwano na tsiyaye ruwan, karo na farko da izini. Na sa sukudireba na kwance zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin robar, na murɗa na zare ta. Ga tsagar nan daidai inda zoben ya ci ta shekara da shekaru, kusa da baki. Sauran jikinta kika matsa da hannu kika ce da sauran rai. Kika ba ni wuƙarki ta yankan kuɓewa, na yanke bakin kamar faɗin yatsu biyu, bayan mun gwada mun ga abin da ya rage zai kai. Bakin ƙarfen da take shiga duk tsatsa ta yi masa kirci. Kika sa na goge shi da tsumma da toka har ya yi santsi, kina cewa ba a ɗora sabon murfi a kan ƙazamin baki. Na shafa ɗan sabulu, na tura robar ta shige, na mayar da zoben. Ina ta ɗaurewa da ƙarfina, kika ce, “Kai, a hankali! Ɗaurin zane ake yi, ba ɗaurin akuya ba. Wancan ɗaurin ne ya yanka ta tun farko.”

Ruwan da muka zuba daga randarki ne, kika tace shi da ƙyalle. Kika hana a rufe murfin, kika ce a tayar da ita a haka tukuna. Muna kallo ruwan yana ɓulɓulo kumfa yana sauka. “Bar ta ta yi gyatsa,” kika ce, “ko jariri in ya sha sai an jira shi.” Da kumfar ta tsaya muka ƙara ruwa, muka rufe. Baffa ya zaga da ita har bakin kasuwa ya dawo da zafinta, ya kashe da kansa tun kafin ki ɗaga rariya, ya kuma ja da baya taku biyar. Na shafa toka a wurin. Muka jira. Fari. Muka ƙara jira. Fari fat.

Babba ba ya ce wa ɗansa yi haƙuri, ban kuma sa rai ba. Baffa ya tsaya yana karkaɗe hularsa ta biyu. Can ya laluba aljihu, ya jefo mini makulli, ya ce, “Gobe da sassafe Garam. Doya, ba gona ba.”

Da Linus ya dawo ya duba aikin, ya ce robar ta tsufa, a sa sabuwa don hankali ya kwanta, aka kuwa sa. Amma da ya ji yadda aka gano wurin, sai da ya zo har gida ya durƙusa ya ce, “Mama, a ba ni tokar nan kaɗan.” Kika ce ta murhun matarsa ma za ta yi, ya ce a'a, taki yake so. Har yau akwai gwangwanin toka a garejinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ladan aikinki kuwa ke kika yanka da kanki: kujerar gaba. Kika ce ba za ki ƙara hawa baya ki rungumi randa ba alhali mijinki ne direba. Shekara biyu muna zuwa Garam tare, kina gefe na da goronki, kina yi mini faɗa in na shiga rami, kina gaya wa matan da muka wuce cewa sadakinki ne motar. Kuma ban taɓa murɗa makulli ba sai kin ce, “Miji, ka duba ruwa?” In ce na duba. Ki ce, “Da sanyinta?” In ce da sanyinta, amarya.

Ranar Talata, jajibirin rasuwarki, na leƙa ɗakinki zan fita. Na ce amarya ta ƙi tashi don kada ta yi mini abin kari. Kika buɗe ido da ƙyar, kika ce, “Ka duba ruwa?” Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninmu.

Ashe kin bar mini wata tsiyar a baya. Ranar sadakar uku, tsakar gida cike da mata, jikoki mata sun ɗaura zannuwanki suna kwaikwayon tafiyarki kamar yadda ake yi wa wanda ya tsufa ya ga 'ya'yan jikoki, sai Goggo Saudatu, autarki, ta aika a kira ni. Ta ce kin bar wasiyya, kin ce a ba ni a gaban mutane. Na shigo ina sunkuyar da kai. Ta miƙo mini abu a naɗe cikin ɗankwali. Na buɗe: rariya. Gida ya kaure da dariya, masu kuka suna share hawaye suna ƙarawa. Baffa da ke zaure ya tambayi abin da ya faru, da aka gaya masa sai ya kai hannu ya shafa gemunsa. Kin rama shayin Makka, Iya. Na yarda kin ci.

A safiyar ranar ni na je Garam na ɗauko matan da kike saro tukwane wurinsu, don su zo gaisuwa. Kafin in tashi na ɗaga bonet, da sanyinta, na buɗe murfi: ruwa har wuya. Su goma sha ɗaya ne, suka cushe a baya, wasu a kan cinyar wasu. Na ce wata ta dawo gaba, ga wuri. Babbarsu ta dubi kujerar ta ce, “A'a, ɗana. Da mai ita.” Haka muka taho.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baffa Mu'azu da Goggo Saudatu, da jikoki da 'ya'yan jikoki, da mutanen Magajiya baki ɗaya, da matan Garam abokan cinikinta, da Linus da ya rufe garejinsa yini guda ya zauna tare da mu, da duk baƙon da ya taɓa kafa kai a moɗar bakin hanya. Randar tana nan, ba za ta bushe ba in ina da rai. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu yi koyi da ita.

Ya Allah, ka jiƙan Iya Yalwa, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta shayar da bayinka ba ta tambayi sunansu ba, ka shayar da ita daga Alkausara. Iya, kin tsaya mini ranar da ba ni da shaida ko ɗaya, halina ma yana ba da shaida a kaina. Allah ya sa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya miki a ranar da kowa ke neman mai tsaya masa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.